Sunan da Na Kira a Tudun Lisbon

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga babanki. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da namu, kuma da safen nan na ji kina faɗa da ƙanenki a kan caja. Allah Ya tsare tafiyarki ta jibi, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki.

Kar ki tsaya kakkaɓe takardar kina neman ƙadangaren roba. Babu shi. Babu barkono a gefenta, babu komai. Yau ba da wasa na zo ba, kuma na san wannan ma sai kin tambayi Ummanki ko da gaske ne.

A mota nake rubutawa, a ƙofar asibiti, ina jiran maigidana Shaiba ya gama ganin likitan ƙafarsa. Kwana uku ke nan sitiyari ne teburina. Ki yi haƙuri da rubutun. Ni ɗan makarantar allo ne, baƙaƙen boko da girmana na tsince su a waya. Kuma da gangan na yi da Hausa. Da Larabci ne da kin haɗiye ta a minti biyu kamar yadda kike wa littattafanki. Hausa kuwa sai kin bi ta sannu kina motsa leɓe, to haka nake so.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekara tara ke nan duk maganar da na faɗa miki sai kin juya wajen Ummanki kin ce, "Umma, da gaske ne?" Ko da cewa na yi an kira salla. Baƙi suna dariya, ni ma ina taya su. Amma na san ranar da abin ya fara, na san unguwar, har matakalar na sani. Sai ga shi duk faɗin duniya garin nan Allah Ya buɗa miki ƙofar karatu, Lisbon. Ba na so ki sake taka shi da abin da na bar miki a rai. Zan ba ki labarin yinin nan daga safe har yamma, duk kurakuraina a jere yadda na yi su. Kin san rabinsa. Rabin da ba ki sani ba ne ya hana ni sakewa.

Shekararki tara lokacin. Shaiba, kafilina, wato mai riƙe da takardun zamana a Saudiyya, da nake tuƙawa tun kina goye, zai kai iyalinsa hutun zafi. Hajiyarsa ta ce ba inda za ta ba tare da Ummanki ba, don ita kaɗai ta iya mata tausar ƙafa. Ummanki ta ce ba inda za ta ba tare da ke ba. Haka tsohon ya yi ta gunaguni har ya gama mana takardu mu uku. A kwana na biyar da saukarmu ya kira ni ya ce, "Ya Abubakar, yau babu aiki. Yalla, ɗauki iyalinka ku ga gari."

Na karɓi taswirar takarda a hannun mutumin otal. Ya nuna mini tsohuwar ganuwar da ke kan tudu, inda ake hango garin duka, ya yi ta nuna mini ɗan jirgin ƙasan nan mai ruwan ɗorawa da ke bin tsakiyar titi, wai mu hau. Na ɗora yatsa a takarda. Daga otal zuwa ganuwar bai kai gaɓa biyu ba. Na auna da kan direban Riyad, na ce ai bai kai daga unguwarmu Shumaisi zuwa Ulaisha ba.

Ummanki ta ce, "Malam, mutumin nan fa ɗan gari ne."

Na ce, "Ni kuma direba ne. Hanya sana'ata ce. Minti goma mun isa."

Abin da ban sani ba, takarda a shimfiɗe take, ba ta nuna tudu. Ni da na saba da garin da yake kamar faranti, wanda ko burodi zan saya a bakin layi sai na ta da mota, ina na san akwai garin da titinsa matakala ce? Ka hau, ka sha kwana, ka tarar da wata tana jiranka. Duwatsun da aka shimfiɗa kuma sun sha ƙafa har sun yi santsi kamar sabulu, ga ni da sabon takalmin fata da na saya a kasuwar Batha don in burge Turawa. Duk lokacin da kika tambaya sai in ce saura kaɗan. Har kika fara ƙirgawa.

"Baba, wannan shi ne saura kaɗan na bakwai."

"To ai kaɗan ɗin ne da yawa."

Uwata, in kin je inda ba ki sani ba, ki tambayi wanda ƙafarsa ta san wurin, kuma in ya faɗa ki ji. Kin fi ni karatu nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ji miki tsoron wannan ciwon, don ya fi kama wanda ya iya wani abu. Ni tuƙi kawai na iya, ya sa na raina mutumin da aka haifa a gindin tudun. In ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba. Kuma kar ki ce wa mai wahala saura kaɗan alhali ba ki san saura nawa ba. Ni a wasa na ɗauke shi, amma daga nan na fara zubar da maganata a wurinki.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni. Na yi gaba abina, yadda na ga ubana yana yi, yadda duk mazan garinmu suke yi: namiji a gaba, hannu a baya, mace tana biye da kaya. Ummanki na ɗauke da jakar abinci da gorar ruwa da darduma, ga abaya tana taɗe ta a kowace matakala. Ban waiwaya ba. Ina can ina kallon bangaye masu ado da tangaran shuɗi, da shanyar da suke ratayawa a taga har da abin da bai kamata a gani ba, ina ta shirya tsokanar da zan yi a kai. Ke ce kika jawo rigata kika ce, "Baba, Umma ta zauna."

Na sauko na tarar da ita a dokin ƙofar wasu mutane, fuskarta ta yi fari, tana haki. Kafin in buɗe baki wani tsoho ya fito da kujera. Matarsa ta biyo shi da tulun gilas, da wani abu mai ɗan launi a ciki. Ni da aka cika wa kunne tun daga Riyad cewa mutanen nan giya ce ruwan shansu, sai na ɗaga hannu na daka mata tsawa, "La, la! Haram!" Tsohuwar ta tsaya da tulu a hannu. Ummanki ta karɓa ta sunsuna, ta dube ni ta ce, "Ruwa ne da lemon tsami, Malam. Ka ji kunya."

Tsohuwar ba ta yi fushi ba. Ta tsaya tana kallon Ummanki tana sha, sai ta dafa nata cikin, ta nuna na Ummanki, ta ɗaga gira. Ummanki ta sunkuyar da kai. A nan na san ana ɗauke da cikin ƙanenki Usman. Ni da nake gida ɗaya da ita ban gani ba, matar da ba ta san ko sunanmu ba ta gani a kallo ɗaya. Ita tana dubanta, ni kuwa ƙeya na ba ta.

Don haka ki riƙa waiwaye. Duk wanda kuke tafiya tare, ƙawa ce ko miji in Allah Ya kawo, ki auna takunki da na wanda ya fi gajiya. Kuma mijin da ba ya waiwayowa ya ga ko kina biye, ki turo mini shi, na san maganinsu, tsohon ɗan ƙungiyarsu ne ni. Batun abinci da abin sha kuwa, ki kiyaye iyakar Allah, kar ki sassauta. Amma ki tambaya da ladabi kafin ki yanke hukunci. Ƙin haram daban, wulaƙanta mai kyauta daban. Ni na haɗa su, na tsawata wa tsohuwar da ta kawo wa matata ruwa. Har yau in na tuna fuskarta sai in ji wani iri.

Daga nan na karɓi jakar. Ki shaide ni, na karɓa.

Ba mu kai ganuwar ba, kin tuna? A wani fili muka yada zango, mai bishiyoyi da kujerun dutse, inda garin ya zube a ƙasanmu, rufin gidaje ja-ja-ja har bakin ruwa. Kika ce teku ne, Ummanki ta ce kogi ne, na ce ai rafin nan namu na Riyad, Wadi Hanifa, ne ya yi ƙiba. Muka buɗe dambun nama da burodi da dabino. Iska mai sanyi tana kaɗawa a tsakiyar watan da Riyad take gasa mutum. Ummanki ta cire takalmi ta miƙe ƙafa, tana dariyar wani mai kaɗa garaya irin tasu da karensa a gefe. Ban taɓa ganin ta sake haka ba. Tantabaru suka kewaye ki, kina ba su burodi kina yi musu faɗa da Larabci. Wallahi, Uwata, in aka ce in zaɓi sa'a ɗaya a rayuwata a maimaita mini, wannan zan zaɓa.

Kika zo kika tsaya kusa da ni a bakin katanga, muna kallon jiragen ruwa. Kika sa hannunki cikin nawa. Sai na ji kamar duk mutanen ƙauyenmu suna kallona, alhali babu wanda ya san mu a nahiyar kaf. Na zare hannuna na ce, "Kai, maiƙo! Je ki shafa wa Ummanki." Kika yi dariya. Amma na ga yadda kika mayar da hannun cikin aljihu. Riƙe wannan a ranki, zan dawo kansa.

La'asar ta yi. Muka yi alwala da ruwan gora, na shimfiɗa darduma a bayan wata bishiya. Na dubi rana na ga inda ta karkata, na fuskance ta, kamar yadda nake yi kullum in salla ta kama ni a hanyar Dir'iyya. Sai kika ce, "Baba, Makka tana bayanka."

"Wa ya ce?"

"Mu'allima ta nuna mana a taswira. Daga Riyad Makka tana yamma. Yanzu mun wuce ta, mun yi yamma sosai. Sai mu kalli gabas."

Na ce, "Iye! Yau ga malamar alƙibla. Ina karatun allo tun ba a san za a yi ki ba."

Na ta da kabbara na ba Ka'aba baya, raka'a huɗu cif. Ina sallamewa sai ga wani bawan Allah mai sayar da tabarau, ɗan Senegal ina zato, ya yi mini sallama, ya kama gefen dardumar ya juya ta, ya nuna da hannu. Daidai inda kika ce. Ummanki ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Abin haushin, ba karo na farko ba ne. Satin da na fara sauka Riyad gabas na kalla kamar yadda muke yi a gida, sai da wani ɗan Sudan ya juya ni. Na kwashe shekaru ina koyon yamma, ranar da gabas ta dawo kuma na kasa gane ta.

Na sake sallar. Ki ɗauki darasi biyu. Ki riƙe salla a garin nan ko da a bayan bishiya ne, kar ki ji kunyar idon kowa, mu ba wanda ya ce mana uffan. Amma duk inda kika sauka ki sake tambayar ina alƙibla take, kar ki dogara da inda jikinki ya saba juyawa. Ka'aba ba ta motsa ba, ke ce kika motsa. Na biyu, in ƙarami ya gyara miki ki ce na gode. Da na faɗi wannan kalma a ranar, da abin da ya biyo baya bai faru ba.

Don gaskiyar ita ce na ji haushi. 'Yar shekara tara ta kayar da ni a gaban uwarta da baƙo. Na ce a raina sai na rama, cikin wasa.

Muka kama saukowa ta wani lungu mai matakala, siriri, mai kwana-kwana. Kina gaba kina tsalle kina ƙirga matakala. Ummanki tana baya can, tana saukowa a hankali dafe da bango, kwana ta ɓoye ta. Na ga wata ƙofa da ta ɗan shige ciki, na faɗa na lafe. Ina leƙenki. Kika juyo ba kowa. Kika ce, "Baba?" Kika sake cewa, "Baba?" muryar ta canza. Na toshe baki ina dariya, na ce zan ƙirga goma in fito. Ina bakwai sai ga ayarin 'yan yawon buɗe ido sun cika lungun, mai tuta a gaba. Da suka wuce na fito ina cewa "Kamo ta!"

Ba ke. A ƙasa kuma matakalar ta rabu uku.

Wannan shi ne rabin da ba ki sani ba.

Na bi ta dama da gudu, na dawo, na bi ta tsakiya. Santsi ya kwashe ni, igiyar takalmin ta tsinke, na bar shi a nan. Ina ta kira, "Ke! Uwata! Ke!" Ummanki ta iso, ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni komai ba, ta gane. Ta zauna a matakala tana ta salati. Na shiga wani ɗan kanti, mai shi ɗan Bangladash ne, ya taɓa aiki a Dammam ta Saudiyya, yana jin Larabci kaɗan. Na ce 'yata ta ɓata, na nuna tsawonki, na ce farin hijabi. Ya fito da sauri ya ce, "Sunanta? Mene ne sunanta?"

Bakina ya yi nauyi. Kin san ke 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata aka raɗa miki. Tun ranar suna ban taɓa furta shi ba, ko sau ɗaya. A wurinmu ba a yi. Mutumin ya girgiza kafaɗata ya ce, "Ya akhi, sunanta!"

Na faɗa masa. Sannan na hau matakala mafi tsawo, na haɗa hannu a baki kamar ladan, na kira sunanki na yanka da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni. Bangayen suka dawo mini da shi. Na sake. Na sake, har muryata ta dushe, hawaye na shiga mini baki. Wata mata ta leƙo ta taga tana shanya, ta ji, ta juya ta kira shi zuwa ƙasa. Wata a ƙasanta ta karɓa. Wani mai gasa kifi ya karɓa. Ina tsaye ina jin sunan uwata yana gangara tudun nan daga taga zuwa taga, a bakin mutanen da ba su iya faɗarsa daidai ba. Can sai ihu ya dawo daga ƙasa, hannaye suna nuna mini hanya.

Na taɓa jin kina ba Usman labari, kika ce mutanen garin ne suka yi ta kiran sunanki har aka same ki, kina mamakin inda suka san shi. Ina bayan ƙofa ina ji. Daga bakina suka ɗauka, Uwata.

A gindin tudun na same ki, a shagon wata Bafulatana 'yar Gini mai sayar da manja da kuɓewa da busasshen kifi. Ta zaunar da ke a kan buhun shinkafa, ta lulluɓa miki gyalenta, tana shafa kanki. Ba ku jin yaren juna, sai Fatiha da take ja miki kina amsawa cikin shessheƙa. Mutane sun taru a ƙofa. Na shigo ƙafa ɗaya ba takalmi, yatsa na jini, na riga na goge fuska a hanya. Abin da nake so in yi, in durƙusa in rungume ki. Kika ɗago kika dube ni. Idanun mutane suna kaina. Sai na ji bakina ya ce:

"Matsoraciya! Ashe malamar alƙibla ba ta san hanya ba."

Har da dariya.

Kika sauko daga buhun, kika wuce ta gefena kamar ba ki san ni ba, kika faɗa jikin Ummanki da ta iso a lokacin. Matar nan ta dube ni sama da ƙasa ta faɗi wata magana da Fulatanci. Ba na jin Fulatanci, amma na ji wannan. Ko godiyar kirki ban yi mata ba, kunya ta koro ni waje.

A ɗan jirgin nan da na raina muka koma. Kin yi barci a cinyar Ummanki. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, in kai kaɗai kake dariya, ba wasa kake ba." Ta ƙara da cewa, "Na ji ka a kan tudun. Ita ba ta ji ba. Ka gaya mata." Na ce zan gaya miki in mun koma otal. Sannan na ce in mun koma Riyad. Sannan na ce in kin ƙara girma. Wannan ma saura kaɗan ɗin ne, ya kai shekara tara.

Ba ɓuyan ne babban laifina ba, ko da yake laifi ne. Dariyar ce. Yarinya ta tsorata har ranta, ta ɗago tana neman ubanta, ta tarar da mai tsokana.

Bari in gaya miki inda abin ya samo asali, ba don in wanke kaina ba. Ni ma ɗan fari ne. Ubana bai taɓa kiran sunana ba, "kai" ne ko "yaron nan". Ranar da zan taho Saudiyya yana gyaran igiyar akuya, bai ɗago ba, ya ce, "To, a sauka lafiya." Ban sake ganinsa ba. Da na je gaisuwar rasuwarsa aka buɗe ɗakinsa, sai ga allona na yarinta a rataye saitin inda yake sa kai, da rubutuna na ƙarshe bai bari an wanke ba. Na zauna na yi kuka, rabi na ƙauna, rabi na haushi. Me zai rage shi da ya bari na sani yana da rai?

Kunyar ɗan fari ba mugun abu ba ce, akwai ladabi a cikinta, kuma ba zan zagi iyayena ba. Amma ni na mayar da ita maɓoya. Ubana ya ɓuya a bayan shiru, ni na ɓuya a bayan wasa. Duk ƙadangaren robar da kika tarar a takalmi, duk gishirin da na zuba miki a shayi, duk ranar da na ce an ɗage jarrabawa alhali ba a ɗage ba, hannun nan ne da na zare a bakin katanga nake ƙoƙarin mayarwa, ban san ta yaya ba. Ke kuma a Riyad kika tashi, kina ganin ƙawayenki iyayensu na sumbatar goshinsu a ƙofar makaranta. Me za ki ɗauka in ba cewa ubanki bai ɗauke ki a bakin komai ba?

To ki ji shawarar da ta fi duk na baya. Kar ki gaji wannan daga gare ni. In kina son mutum ki bari ya sani da bakinki, tun yana ji. In kin yi laifi ki ba da haƙuri a ranar, kafin ya yi sanyi ya daskare. In kin tsorata a garin nan, ko kewa ta kama ki, ko karatu ya yi tsauri, kar ki ce mana lafiya lau don kar mu damu. Na lura kin iya wannan, kuma na san inda kika koya. Ki kira ki ce, "Baba, yau ba daɗi." Na yi miki alkawari, Allah ne shaida, ba zan yi dariya ba.

Sauran ƙanana ne. Ki sayi takalmi mai ƙasan roba, kar ki biye wa na kwalliya. Ki ɗan ɗage abaya in za ki sauko matakala. Lokutan salla a can suna tafiya da yawa tsakanin zafi da sanyi, ki riƙa dubawa. Ki lura da ranar da bizarki ta fita da dawowa za ta ƙare, kar iƙamarki, takardar zamanki ta Saudiyya, ta mutu kina can, don Ummanki ba za ta yafe wa kowa ba. Ki kira ta kullum ko da minti ɗaya ne, ta fi ni ƙarfin hali a baki kawai.

Kuma ina da aike. In kin natsu, ranar da ba karatu, ki nemi gindin tudun nan, shago mai koren ƙofa, kusa da inda matakala ukun nan suka sake haɗuwa a ƙasa. Ummanki ta sa turare da dabinon Madina a jakarki, a ƙulle daban. In matar tana nan ki ba ta, ki ce daga mutumin nan ne mai takalmi ɗaya, ya ce ya gode, kuma abin da ta faɗa masa gaskiya ne. In ba ta nan ki ba duk wadda kika tarar, ki yi mata addu'a. Ƙofar tsofaffin nan masu lemon tsami ba na jin za ki gane ta, amma in kin ga tsohuwa tana hawa da kaya, ki karɓar mata.

Ga Shaiba can ya fito yana ɗaga mini sanda, bari in taƙaita.

Ummanki za ta ba ki takardar nan gobe, don ki karanta kafin mu tafi filin jirgi. Na san kaina. Jibi zan yi ta surutu a mota, zan ce jakarki ta fi ki nauyi, zan ce kar ki auro mana Bature mai kare. Ki ƙyale ni, bakin ne ya saba. Amma in mun kai inda ba a barin mai rakiya ya wuce, zan ajiye jakar in miƙo miki hannuna, a gaban kowa, ko da duk Hausawan Batha suna wurin. Ba komai a cikinsa. In kin kama, na gane. In ba ki kama ba, ba zan ce komai ba, ni na jawo, zan sake miƙowa ranar da kika dawo.

Ki yafe mini.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya sauƙaƙa miki kowane tudu, Ya sa a samu mai fito miki da kujera in kin gaji. Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya kare miki addininki da mutuncinki, Ya dawo mana da ke lafiya muna raye. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinSa.

Allah Ya yi miki albarka, Safiyya.

Ga shi na rubuta da hannuna. Ba sai kin tambayi Ummanki ba.

Wassalam.

Babanki,
Abubakar direba,
Shumaisi, Riyad.